Kwanansa Bai Ƙare Ba: Tunatarwa A Kan Tseren Mota Da Wanda Ya Fito Da Rai

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayarwa Mai kashewa, wanda numfashin kowane bawa yake hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa, iyayenmu maza da mata, alhazan kasuwa da matasanmu, wannan Juma'ar ba za mu ci gaba da darasin bashi da amana da muka faro ba. Malam liman ya ce mu jingine shi tukuna saboda abin da ya faru a unguwa. Mafi yawanku kun ji. Ɗaya daga cikin 'ya'yanmu, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya fita da motar gidansu cikin dare, shi da abokansa suna tsere a kan babban titi, mota ta ƙwace masa, ta daki shingen tsakiya ta wuntsila. Waɗanda suka ga motar sun ce ba wanda zai yarda an fitar da mai rai daga cikinta. Amma Allah Ya nufa an fitar da shi da ransa, yana kwance a asibiti da karaya a cinya da haƙarƙari. Ba za mu kama suna ba, kuma muna roƙon jama'a su daina yaɗa hoton motar a WhatsApp. Mahaifiyarsa ma tana da waya.

Duk wanda ya je jaje abu ɗaya yake faɗa: kwanansa ne bai ƙare ba. Wannan gaskiya ce, kuma aƙidarmu ce. Aya ta 145 a Suratu Ali Imrana ta karantar da mu cewa rai ba ya fita sai da izinin Allah, a lokacin da aka rubuta masa. Sayyidina Khalid ɗan Walid ya halarci yaƙe-yaƙe masu yawa, jikinsa duk tabon takobi da mashi, amma a kan shimfiɗarsa ya rasu. Ba mu da ja a nan.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne yadda wasu matasanmu suka juya wannan magana. A teburin mai shayi, a wajen wankin mota, ana cewa: kun gani ko, in kwana bai ƙare ba, ko a kan 180 kake ba abin da zai same ka, in kuwa ya ƙare ko a kan tabarma kake sai ka tafi, to me zai hana a taka mota? Har suna nuna wa juna bidiyon wani Bature da ya fito daga cikin wuta yana tafiya da ƙafarsa, wai hujjarsu ke nan. To bari mu kalli bidiyon nan tare, amma mu kalle shi da ido biyu.

Sunan mutumin Romain Grosjean, direban Faransa ne a babbar gasar tseren motoci ta duniya. Ranar 29 ga Nuwamba 2020, a ƙasar Baharen, a zagayen farko, motarsa ta daki shingen ƙarfe tana kan gudun kilomita 192 a awa. Motar ta rabe biyu, wuta ta tashi, ya yi kusan daƙiƙa 28 a ciki kafin ya fito, ya samu ƙuna a bayan hannayensa. Wanda ya kalla sau ɗaya zai ce ikon Allah, kuma ikon Allah ɗin ne. Amma a sake kallo. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe mai ƙarfin gaske da aka kafa saman kan direba, shi ya buɗe shingen, ba don shi ba da kan mutumin ne zai buɗe shi. Shi kansa direban a da yana cikin masu sukar wannan ƙarfe, daga gadon asibiti ya fito ya ce shi ne sanadin rayuwarsa. Kayan jikinsa tun daga safa har safar hannu na yadin da wuta ba ta saurin ci ne. Motar likita tana biye da su tun daga tashi, cikin 'yan daƙiƙu likita ya iso, ga masu tukunyar kashe gobara a tsaye a gefe. Allah ne Ya tserar da shi, amma ta hanyar sababai ɗin nan Ya tserar da shi.

Wani zai ce ai wannan ƙwararre ne, kamfani ke kashe masa kuɗi. To a bar shi, a zo ga masu yi don sha'awa. A Turai da Amurka akwai mutane masu sana'o'insu, wani likita, wani bakanike, wani ɗan kasuwa kamar ku, Asabar da Lahadi su ɗauki mota su tafi filin tsere, ba albashi, da kuɗin aljihunsu ma suke yi. Kafin a bar mutum ya shiga gasa sai ya yi horo ya karɓi lasisin tsere, wanda daban yake da lasisin tuƙi. Sai masu bincike sun duba motar. A cikinta an yi waldar bututun ƙarfe kamar keji, yadda ko ta juya sau biyar rufin ba zai danne shi ba. Bel ɗinsa mai maɗauri biyar ne ko shida, ta kafaɗu, ta ƙugu, ta tsakanin ƙafafu. Ga hular kwano, ga wani abin wuya da ke ɗaure hular da kafaɗa don kada kai ya fizgu gaba wuya ya karye. Ga tukunyar kashe gobara a ciki, ga makunni a jikin motar ta waje wanda mai ceto zai murɗa ya yanke wutar batir. A gefen fili an tara tayoyi da tsakuwa don su sha ƙarfin duka. Ma'aikata suna tsaye da tutoci, in an ɗaga ruwan ɗorawa kowa ya rage gudu, in an ɗaga ja an tsayar da tsere. In babu motar asibiti a fili, ba a tashi. Kuma kowa hanya ɗaya ya fuskanta. Babu danfo da zai tsaya a tsakiyar titi ya ɗauki fasinja, babu tirelar da ta lalace ba fitila sai ganye da aka zuba a bayanta, babu mai talla da za ta tsallaka da faranti a kai. Duk da haka ɗin ma ana karyewa, wani lokaci ana mutuwa.

Yanzu a dubi namu. Mota tokumbo, taya ta biyu ko ta uku, ba wanda ya san shekarunta. Bel an zagaya shi ta bayan kujera an maƙala don ƙarar ta yi shiru. Riga mai gajeren hannu da silifa. Abokai uku a baya, ɗaya ya zuro waya ta taga yana ɗauka. Ƙarfe ɗaya na dare. Wallahi shi kansa Baturen da suke kallo, a ba shi wannan mota a wannan titi a ce ya taka, ba zai yarda ba.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane mai riƙe sitiyari ya sani, ku 'yan kasuwa kun fi kowa gane lissafi. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin dukan sau huɗu yake ninkuwa. Wanda ya daki bango a kan kilomita 50 kamar ya faɗo ne daga tsayin mita 10, wajen bene hawa uku. A kan 100 tsayin ya kusa mita 40, bene hawa goma sha biyu ko fiye. A kan 150 ya doshi mita 90, kuma a wannan gudun mota tana cin sama da mita 40 a daƙiƙa ɗaya, kafin ƙafa ta bar totur ta sami birki an wuce wurin. Sannan kowane hatsari duka uku ne a jere: mota ta daki abu, jiki ya daki mota, kayan ciki da ƙwaƙwalwa su daki ƙashin da ke riƙe da su. Na ukun nan ba a ganinsa da ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana cin rayuka wajen miliyan 1.19 duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Shekarun 'ya'yanmu ke nan.

To ina tawakkali yake a nan? Kowa ya san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah ko ya ɗaure ta, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Imam Tirmizi ya ruwaito shi. Ranar Uhudu, shugaban masu tawakkali sulke biyu ya sa, ɗaya a kan ɗaya. Ranar hijira ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru, ya ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, ya bi ta inda ba a zato, alhali ya fi kowa sanin Allah na tare da shi. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya juya da jama'a. Sayyidina Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ya bar gefen kwari mai fari ya kai dabbobinsa gefe mai ciyawa. Mu da muke da 'yan'uwa a kara, wannan misali ba ya buƙatar fassara.

Kuma mu tambayi kanmu: wane alhaji ne yake barin shagonsa a buɗe da dare ya ce in rabon ɓarawo ne ai zai ɗauka? Kwaɗo biyu muke sawa, mu biya maigadi, mu ƙirga kaya kafin mu rufe. Dukiya muna yi mata sababi, rai kuma sai mu ce ƙaddara. Alhali rai ba namu ba ne ma, ajiya ce. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu, ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana mu kashe kanmu. Ƙaddara abin yin imani ce, da ita muke samun haƙuri bayan abu ya auku. Ba a kafa hujja da ita don a aikata ganganci.

Kada matasa su ce malamai sun haramta komai. Musulunci bai ƙi tsere ba, mu jikokin masu sukuwa ne, wanda ya taɓa ganin Hawan Daushe a Kano ya sani. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya shirya tseren dawaki a Madina. Dawakin da aka horar aka shirya su an ba su nisa mai tsawo, daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba aka ba su gajere, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Ku lura, tun a lokacin an ware wuri, an san mafari da maƙura, an bambanta wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Wanda Allah Ya hore wa kuma yana son wannan wasa, ya nemi filin da aka keɓe, da kayan kariya, da yardar iyayensa, ya tambayi malamai. Amma titin da jama'a ke bi ba na mutum ɗaya ba ne. In kuma kowa ya ajiye kuɗi wanda ya riga ya kwashe, kamar yadda muke ji ana yi, wannan caca ce, ko da an kira ta da wani suna.

Sai kalmar tsira, ita ma a duba ta. Akwai wani mai gabatar da shirin motoci a talabijin a Ingila, Richard Hammond, wanda tsere ba sana'arsa ba ce. A watan Satumba 2006 taya ta fashe masa yana kan gudun sama da kilomita 460 a wata mota mai injin jirgi, aka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti a birnin Lids. Ya rayu, amma ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, shi da bakinsa ya sha ba da labarin mantuwa da ƙuncin rai da ya yi fama da su bayan haka. A watan Yuni 2017 kuma, a wajen wani tseren hawan tudu a ƙasar Suwizalan, wata motar lantarki mai tsada ta ƙwace masa ta gangara tana juyawa, ya samu ya fito kafin wuta ta cinye ta, gwiwarsa ta karye. Bidiyo yana ƙarewa ne a inda mutum ya fito. Ba ya nuna ƙarfen da aka sa a ƙashi, da watannin koyon tafiya, da matar da ke kwana a kujerar asibiti. A wajenmu a ƙara da bashin magani, da jarin shago da ya tafi, da ƙannen da aka cire daga makaranta. Wanda ya taɓa yin jinya a asibitin ƙashi na Igbobi ko na Dala ya san abin da muke nufi.

Shi kuma wanda Allah Ya fitar, akwai abin da ke kansa. Aya ta 12 a Suratu Yunus ta siffanta ɗan Adam: in cuta ta same shi yana kiran Ubangijinsa a kwance, a zaune, a tsaye, da an yaye masa sai ya wuce kamar bai taɓa kira ba. Kada ya zama shi ne wannan. Ya gode da baki, ya yi sadaka gwargwadon hali, ya tuba daga gangancin, ya nemi gafarar iyayensa, don tashin hankalin da ya jefa su ciki ma hakki ne. Wasu sun tambaye mu batun sujadar godiya. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin mustahabbi ce, mashhurin mazhabar Malikiyya kuwa bai so a yi ta ita kaɗai ba, don haka kada a yi musu a kai a bakin gadon majinyaci. Salla ba ta faɗuwa saboda karaya. In ba zai iya tsayuwa ba ya zauna, in ba zai iya ba ya yi a kwance da nuni, ya yi shafa a kan bandeji ko filasta, in ruwa zai cutar ya yi taimama. Sallolin da lokacinsu ya shiga ya fita yana sume, a wajen malamanmu na Malikiyya babu ramuwa a kansa.

Mu masu zuwa dubiya, mu taƙaita zama, mu yi addu'a. Gadon asibiti ba wurin faɗa ba ne, faɗan yana da ranarsa. Abokai kuma kada su je suna yi masa kirari, namijin duniya, ƙarfe ya ji tsoronka. Wannan kirari shi ke mayar da yaro kan titi da zarar an cire filasta. In bayan an sallame shi aka ga yana firgita cikin barci, yana saurin fushi, yana mantuwa, ko ya ƙi shiga mota, a yi masa addu'a da ruƙya, amma a mayar da shi wajen likita. Ba kowane sauyin hali ba ne aljanu.

Abu mafi nauyi shi ne hakkin wasu. A wannan karon Allah Ya tsare ba a take kowa ba. Da an take fa? Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta bayyana hukuncin kisan kuskure: diyya ga iyalan mamaci sai in sun yafe, da kaffara, wadda a zamaninmu azumin wata biyu ne a jere. Diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1000 na zinariya, wato sama da kilo 4. Masu canji su buga mana a farashin yau. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Dokar hanya ta Najeriya ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 100 a babbar hanya, 50 a cikin gari. Abokin da ke zaune a baya ma, in ya rasu ta sanadin gangancinka, ransa yana wuyanka, ko da shi ne yake cewa ƙara wuta.

Mu kuma nan baƙi ne, ko da an haifi wasunmu a nan. Laifin ɗanmu ɗaya ba ya tsayawa a kansa. Waɗanda suke Legas a watan Maris 2016 ba su manta da Mile 12 ba, rigimar da ta faro daga maganar ɗan acaɓa a kan titi ta zama ta ƙabila, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya, gwamnati ta rufe kasuwa, tumatur da albasa suka ruɓe a cikin motoci. Yaron da ya taka mota cikin dare yana wasa ne har da shagon mai gwari da bai san shi ba.

Iyaye, da girmamawa muke faɗa, mun san kuna fita tun asuba ba ku dawowa sai bayan isha'i, don su kuke yi. Amma a san inda makullin mota yake kwana. A duba mai da safe, a duba taya, tayar da aka yi wasa da ita ba ta ɓuya. Yaron da ba shi da lasisi kada a ba shi mota ko da aike ne. Wasan mota da ake yi wajen rakiyar amarya da ranar Salla, wanda muke gani a bidiyon Kano da Kaduna da Abuja, kada mu bari ya samu gindin zama a bukukuwanmu, kuma iyaye mata su ne suka fi iya hana wannan.

Wanda Allah Ya sa ya riski hatsari, ya kira 112, ko 122 na jami'an kiyaye haɗura. In ba wuta ko wani haɗari ke tafe ba, kada a fizgo mutum ta hannu ko ƙafa, a tallafe kai da wuya a miƙe, don ƙashin baya da ya tsage ja ɗaya ke mayar da shi shanyewar jiki. Kada a ɗura masa ruwa. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Ko ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti, don jini na iya taruwa a ciki ko a kai, mutum yana hira bayan awa biyu ya faɗi. A bari a ɗauki hoton ƙashi kafin a yi maganar mai ɗori.

Kwamitin masallaci zai zauna da iyaye da shugabannin direbobi da matasa ranar Lahadi bayan sallar isha'i a farfajiyar Islamiyya. Malam liman ya ce kowane uba ya zo da ɗansa da ya isa tuƙi. Darasin bashi da amana zai ci gaba Juma'a mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare matafiyanmu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci